A Kai Yara Wurin Likitan Haƙori Tun Kafin Kumatu Ya Kumbura

Jama'a, a ƙauyukanmu na Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, idan yaro ya yi zazzaɓi akan kai shi asibiti. Idan ya yi gudawa ma haka. Amma idan ya ce haƙorinsa na ciwo, sai a ce masa ya yi haƙuri, ai haƙorin zai faɗi wani ya fito. Sai yaro ya kwana uku yana kuka, ba ci ba barci. Ba a tashi neman magani sai an ga kumatu ya kumbura, ido ya kusa rufewa. A lokacin nan aikin ya yi girma, kuɗin ma ya ƙaru.

Akwai likitoci da aikinsu ke nan, duba baki da haƙori. A cikinsu ma akwai waɗanda suka ƙware a kan haƙoran yara kawai. Wannan bayani zai nuna mana dalilin kai yaro wurinsu, da lokacin da ya kamata a kai shi, da abin da za a tarar a can.

Haƙoran fari ba na banza ba ne

Yaro yakan fara haƙori yana da kamar wata 6. Wani yakan riga haka, wani kuma ya ɗan makara, duk ba laifi. Kafin ya cika shekara 3 yana da haƙora 20, goma a sama goma a ƙasa. Su ne haƙoran fari. Daga shekara 6 sai ya fara famfara, na gaba su faɗi, na girma su maye gurbinsu. Babban mutum yana da haƙora 32 idan sun cika.

To, ga inda iyaye da yawa ke yin kuskure. Haƙoran gaba ne kawai ke faɗuwa da wuri. Turamen ciki, waɗanda yaro ke tauna da su, ba sa faɗuwa sai yana da shekara 10 zuwa 12. Ke nan idan turmi ya ruɓe yaro yana shekara 4, aka ce a bari ya faɗi da kansa, an bar shi da ciwo na shekara shida ko fiye. Yaron da haƙori ke damunsa ba ya tauna tuwo da nama da gyaɗa yadda ya kamata. Sai ya riƙa zaɓen abinci, ya rame. A makaranta ma hankalinsa ba ya kan allo.

Haka kuma kowane haƙorin fari yana tsare wa na girma wuri ne. Na girman yana nan kwance a ƙarƙashinsa, cikin ƙashi, yana jiran lokacinsa. Idan na sama ya yi mugunya, tana iya taɓa na ƙasa, ya fito da tabo. Idan kuma aka rasa na farin tun lokaci bai yi ba, sai maƙwabtansa su matso su cike wurin. Na girma ya zo fita ya rasa hanya, ya fito a karkace.

Akwai wani abu kuma da ya kamata kowace uwa ta sani. Yaro na da kamar shekara 6, wasu manyan turame huɗu kan fito can ƙarshen baki, bayan haƙoran fari. Babu haƙorin da ke faɗuwa kafin su fito, shi ya sa mutane ke zaton su ma na fari ne. Alhali kuwa na girma ne. Idan suka lalace, babu wasu da za su sake fitowa a wurin har abada. Waɗannan turame huɗu su ne suka fi saurin yin kogo a bakin 'yan makaranta.

Me ke cin haƙori?

A kasuwa mukan ga masu magani suna cewa tsutsa ce a cikin haƙori, har su yi turare su nuna wa mutum wai ga ta ta fito. Babu tsutsa a cikin haƙori. Abin da ke akwai shi ne ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Suna zaune cikin farin dattin nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori idan ba a goge ba. Abincinsu sukari ne. Duk lokacin da yaro ya sha zaƙi, su ma sun samu. Sai su fitar da wani ruwa mai tsami, shi kuma ya riƙa zaizaye bayan haƙori a hankali. Da fari sai a ga ɗan farin tabo kamar alli kusa da dasashi. Daga nan ya koma ruwan ƙasa. Daga nan ya zama rami. Idan ramin ya kai ga jijiyar da ke tsakiyar haƙori, nan ne yaro zai hana kowa barci.

A da can yaron ƙauye bai cika samun sukari ba sai ranar kasuwa ko ranar salla. Yanzu kuwa kowace unguwa akwai mai tebur. Ga alewa, ga cingam, ga biskit, ga lemon kwalba da na leda. Ga namu na gida irin su alewar madara da gullisuwa da mazarƙwaila. Ga shayi da koko da akan zuba wa sukari har sai cokali ya tsaya. Ba a ce yaro kada ya taɓa zaƙi ba. Abin da ya fi ɓarna shi ne yawan maimaitawa. Yaron da ya sha alewa uku a zama ɗaya bayan cin abinci ya fi wanda ke tsotsar ɗaya da safe, ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar samun sauƙi, domin na biyun haƙorinsa cikin tsami yake wuni. Mafi muni shi ne zaƙin dare, a kwanta ba a wanke baki ba. Da dare miyau yakan ragu, shi kuwa miyau shi ke wanke tsamin.

Maganar fitar haƙori

Idan jariri ya kama gudawa ko zazzaɓi mai zafi, sau da yawa tsofaffi kan ce haƙori ne. Gaskiya ne fitar haƙori na sa dasashi ƙaiƙayi, yaro ya riƙa dalalar da miyau, ya yi rigima, ya kai komai baki. Amma ba ya kawo gudawa mai yawa, ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo suma. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe. Yaro na ɗaukar abin ƙasa yana sa wa a baki, ga kuma sauro. Saboda haka idan jariri na gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti. Kada a zauna ana jiran haƙori ya fito.

A yi hattara kuma da magungunan da ake sayarwa da sunan maganin haƙorin jarirai. A shekarar 2008 wani irin wannan magani mai suna My Pikin ya gurɓata da guba mai kashe ƙoda. Yara 84 ne aka tabbatar sun mutu a Nijeriya ta dalilinsa, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna kuma ta kwashe shi daga kasuwa. Jaririn da dasashi ke yi wa ƙaiƙayi ba ya bukatar irin waɗannan. Uwa ta wanke hannunta da sabulu, ta murza masa dasashin a hankali da yatsa. Kada kuma a yarda kowa ya tsaga dasashin yaro da aska wai don haƙori ya sami hanya. Haƙori ya san hanyarsa.

Yaushe za a kai yaro?

Likitocin haƙori sun ce a fara nuna musu yaro tun haƙorinsa na farko ya fito, kada ya wuce shekara 1 ba a duba bakinsa ba. Wani zai ce, ina mutumin Gwiwa ko na ƙauyen Roni zai ga likitan haƙori don jariri mai lafiya? Maganarsa tana kan hanya, domin likitocin haƙori ba su da yawa, kuma akasarinsu a birane suke. Amma akwai dabara. Duk uwa takan kai jaririnta allurar rigakafin ƙyanda yana wata 9, ta sake mayar da shi yana wata 15. A ranar nan sai ta roƙi ma'aikacin lafiya ya leƙa bakin yaron. Ba ya ɗaukar minti biyu. Idan ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, zai rubuta takarda ya tura gaba.

Ban da wannan, uwa ita ce mai duba ta farko. Sau ɗaya a mako, a fito da yaro tsakar gida inda akwai haske, a ɗaga leɓensa na sama, a ja na ƙasa, a sa ya buɗe baki. Idan aka ga farin tabo ko baƙi a haƙori, ko rami, ko ƙurji a dasashi kusa da haƙori, to lokacin zuwa ya yi, ko da yaron bai ce yana jin ciwo ba. Haka nan idan yana tauna da gefe ɗaya kullum, ko yana ƙin ruwan sanyi. Ramin da aka kama da wuri cike shi kawai za a yi. Wanda aka bari ya kai jijiya kuwa, sau da yawa sai an cire haƙorin.

Hanyar ita ce a fara da asibitin da ke kusa, daga nan babban asibitin Kazaure ko na Ɓaɓura, a tambayi inda ake duba haƙori da ranar da ake dubawa. Yana da kyau maigida ya tambaya tun kafin ranar tafiya, don kada a kashe kuɗin mota a banza. Idan aikin babba ne, akan tura mutum Kano, wadda ke da nisan kimanin kilomita 80 daga Kazaure ta hanyar Ɗambatta. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai sashe na musamman na haƙoran yara, inda ake koyar da ɗaliban likitan haƙori na Jami'ar Bayero.

Abin da za a tarar a can

Yawancin tsoron da yara ke ji, mu manya ne muke sa musu. Yaro ya yi ƙiriniya sai a ce za a kai shi likita ya yi masa allura. Ranar da za a kai shi da gaske kuwa, sai ya ƙanƙame baki ya ƙi buɗewa. A daina razana yara da likita. A gaya wa yaro gaskiya cikin sauƙi: za mu je a ƙirga haƙoranka, a wanke su, a gyara mai ciwon. Kada a yi masa alkawarin ƙarya, domin idan ya gane ba zai sake yarda ba. A tafi da safe, yaro ya karya, ya yi barci sosai. Wanda yaron ya fi sabawa da shi, shi ya kamata ya shiga da shi.

A ɗakin akwai kujera mai kwantawa da fitila mai haske a sama. Ƙaramin yaro akan bar shi a cinyar uwarsa. Likita zai duba da ɗan madubi mai mariƙi. Wani lokaci yakan ɗauki hoton haƙori don ya ga abin da ke cikin ƙashi. Idan rami ne ƙarami, zai share ruɓaɓɓen wurin ya cike shi. Idan sai an cire, za a yi ƙaramar allura a dasashi wurin ya mutu, yaro ya ji ana taɓawa amma ba zafi. Wasu na cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido. Wannan ba gaskiya ba ne. Abin da ke iya taɓa ido shi ne mugunyar da aka bari ta bazu a fuska.

Kafin a fara aiki, a gaya wa likita idan yaron yana da amosanin jini, wato sikila, ko ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko kuma idan ya ji rauni jini ba ya saurin tsayawa. A nuna masa duk maganin da aka riga aka ba yaron, na kemis da na gargajiya. Ba faɗa zai yi ba, yana so ne ya san abin da zai ba shi.

Bayan an cire haƙori, yaro ya cije audugar da aka sa masa na rabin awa. Ranar nan kada ya kurkure baki da ƙarfi, kada ya sa yatsa ko harshe a ramin. A ba shi abinci mai laushi wanda ya huce, kamar kunu ko fate. A lura da shi kada ya tauna leɓensa kafin allurar ta sake shi, don ba zai ji zafi ba sai daga baya. Washegari ya fara kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri.

Kafin a samu zuwa asibiti, ana iya ba yaro farasitamol daidai shekarunsa don rage zafi. Kanumfari ma yana kwantar da ciwo na ɗan lokaci ga yaron da ya yi wayo, amma ba ya cike rami. Abin da ba a yi sam shi ne ɗiga ruwan batir ko fetur ko kananzir a haƙori, ko danna ƙwayar magani a kan dasashi. Waɗannan ƙona naman baki suke yi. Kada kuma a buɗe kafso mai ja da rawaya a ba ƙaramin yaro. Irin wannan kafso yana rina haƙoran da ba su fito ba, su fito da launin da ba ya gogewa.

Idan yaro ya faɗi daga keke ko daga bishiya haƙorinsa na girma ya fita ɗungurungum, ana iya mayar da shi ya kama, in an yi sauri. A ɗauki haƙorin ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. A sa shi cikin madara, a garzaya asibiti, in da hali cikin awa ɗaya. Haƙorin fari kuwa ba a mayar da shi.

Ciwon da ba ya jira

Yanzu mun zo kan babban dalilin da ya sa muke cewa a riƙa leƙa bakin yara. Akwai wata cuta da likitoci ke kira noma. Sunan ya yi kama da noman da muke yi a gona, amma ba su da dangantaka. Kalmar ta Girkawa ce, ma'anarta cinyewa. Da Hausa ana ce mata zaizayar baki, wasu kuma su ce ciwon daji ko ciwon iska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa, da waɗanda ba su daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba. Saboda haka a ƙara sa ido da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa, da kuma lokacin da aka yaye yaro.

Takan fara ne kamar abin wasa. Dasashi ya yi ja, ya kumbura, yana jini da an taɓa. Sai gyambo ya fito a kansa. Bakin yaro ya riƙa wari mai ƙarfi irin wanda ba a saba ji ba, miyau na zuba, ya ƙi cin abinci. Bayan 'yan kwanaki kumatu ko leɓe ya kumbura. Sai wani baƙin tabo ya bayyana a fatar. Daga nan naman ya mutu ya zube, a bar rami a fuska, har ƙashi ya fito. Duk wannan yana iya faruwa cikin mako biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, cikin yara 10 da suka kamu har 9 na iya mutuwa. Waɗanda suka rayu kuwa sukan sha wahalar ci da magana, wasu muƙamuƙinsu ya ƙage, baki ya ƙi buɗuwa.

Amma ga abin farin ciki. Idan aka kama ta tun tana dasashi, maganinta mai sauƙi ne: maganin kashe ƙwayoyin cuta da ma'aikacin lafiya zai rubuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki irin su wake da gyaɗa da ƙwai da nono da zogale. Cikin kwanaki kaɗan yaro ya warware, fuskarsa ba ta taɓu ba. Abin da ke kashe yara shi ne jinkiri. A ce iska ce, a yi kwana biyar ana turare da shafe-shafe, kafin a isa asibiti kumatu ya riga ya huje. Ba aikin iska ba ne, ba maita ba ce. Ba kuma a ɗaukarta ta hanyar zama ko cin abinci da mai ita, don haka babu dalilin ɓoye yaro a ɗaki. Duk yaron da ya rame, dasashinsa na jini, bakinsa na wari, a kai shi asibiti a ranar, kada a ce sai ranar kasuwa.

Ga waɗanda cutar ta riga ta ɓata wa fuska, yara ko manya, akwai asibiti na musamman a Sakkwato da aka buɗe a 1999 domin masu noma. Tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tare da shi, ana yi wa mutane aikin gyaran fuska kyauta. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma gwamnatin Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan. Wanda ya san mai irin wannan lalura a garinsu, ya sanar da ma'aikacin lafiya don a nuna musu hanya.

Tsabtar yau da kullum

Tun kafin haƙori ya fito, uwa ta riƙa share dasashin jariri da tsumma mai tsabta da ta jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce. Da haƙori ya fito sai a koma ƙaramin burushi mai laushi, sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci. Na daren ya fi muhimmanci. A sayi makilin mai sinadarin fuloraid, domin shi ke ƙarfafa bayan haƙori. Yaron da bai kai shekara 3 ba a sa masa kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. Ya tofar, kada ya haɗiye. Babba ne zai riƙa goge masa har ya kai shekara 7 ko 8, saboda hannun ƙaramin yaro ba ya kai wa turamen ciki.

Inda babu kuɗin burushi, asuwaki yana aiki sosai, haka ma ɗanyen reshen darbejiya. A tauna bakinsa ya yi laushi, a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, har na ƙarshe. Gawayi da toka da yashi kuwa suna kankare bayan haƙori, a bar su. Kowane yaro da nasa burushi ko asuwaki, ba a karɓa-karɓa.